Ranar da Na Goya Mahaifiyata Zuwa Tsibirin Rairayi

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a nan Landan, na yi wani taurin kai da har yau 'yan'uwana ke yi min tsiya a kansa. Jiya ina neman wata takarda a ƙasan akwati sai hannuna ya faɗa kan wani tsohon zani, shi ya tuno min da komai. Na ce bari in ba ku labarin kafin in mayar da shi inda yake.

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata. Wanda ya tashi a gidan Hausawa irin na da ya san me wannan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In da ni take magana, "ke" ce. In da wani take magana a kaina, "yarinyar nan" ce, ko da na haura arba'in ina da 'ya'ya uku. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa cikin garin Yawuri, a hannunta na girma. Ni ma ban taɓa ce wa mahaifiyata Inna ba, Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗi. Autanmu kuwa, sunansa ya kusa ƙarewa a bakinta saboda kira. Kowa ya gaya min kunya ce, ba ƙiyayya ba, ni ma na sani. Amma tsakani da Allah abin yana ci min rai, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Su mutanen ruwa ne, Sarkawa, masu kamun kifi a Kogin Kwara. Idan ruwa ya janye, tudun rairayi ya fito a tsakiyar kogi, sai su kwashe ya-nasu ya-nasu su koma kansa, su kafa bukkokin zana, maza su tafi su, wato kamun kifi, mata su yi ta bandar kifi har ruwa ya dawo. Ni ban ga wannan rayuwar ba, labarinta kawai nake ji. 'Yar Sarkawa ce ni da ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawunta ba.

Da ta samu shanyewar ɓarin jiki, muka yi ƙoƙari muka kawo ta nan neman magani. Wata biyar ta yi a flat ɗinmu a Catford, hawa na uku, ba ta ganin komai ta taga sai bangon maƙwabta da jan bas. Duk mako in tura ta a keken marasa lafiya zuwa asibiti a Whitechapel, mu dawo. Hannun hagu da ƙafar hagu ba su dawo ba. Wannan bai tayar min da hankali kamar shirun da ta yi ba. Matar da muryarta ke tsallaka kogi sai ta koma ba ta cewa komai sai "to" da "na ƙoshi". Na hau bas har Old Kent Road na sayo mata bandar kifi, ina murna zan burge ta. Ta shinshina, ta ajiye, ta ce wannan kifin ya daɗe da manta kamannin ruwa. Ina kallo tana ramewa a gabana, ni da nake ciyar da iyayen wasu da cokali kullum a wurin aiki.

Wata ranar Asabar da la'asar ina guga, talabijin na ta surutunsa, aka nuno wasu tsibirai a Bahar Maliya. Ba tsibirai irin masu gari ba, farin rairayi ne kawai kwance a tsakiyar ruwa, ba bishiya, ba gida, ba mutum. Na miƙa hannu zan canza tasha sai na ji ta ce in tsaya. Ta ɗaga hannunta mai lafiya tana nuna wurin. Ta ce a kan irin wannan suke yin rani. Ta yi magana ta fi minti biyar, abin da ba ta yi ba tun zuwanta. Can ta ce, "Da mutum zai sake taka irinsa..." Sai ta yi istigfari, ta ce surutun tsufa ne kawai.

A cikin makon kuma likita ya gaya mana an yi iyakar abin da za a iya, ita kuma ta ce gida take so. Na san in ta tafi ba za ta sake fitowa ba, kuma ko a Yawuri ba mai saka ta a kwalekwale da wannan jikin. Sai na ƙudurta a raina cewa ta Masar za mu bi, mu sauka kwana uku, in kai ta ta taka wannan rairayin da ƙafarta.

Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ni da ko wanka nake sai na runtse ido, ni ce zan kai tsohuwa tsakiyar teku? Autanmu ya kira daga gida ya yi ta faɗa, wai in kawo ta kai tsaye kawai, kada in je in jawo musu abin faɗi. Na saurare shi har ya gama, na ce na ji, na kashe waya na ci gaba da cika takardun biza. Duk wanda ya san ni ya san in na kafe, an gama.

Har koyon iyo na shiga, a wurin ninkaya na ƙaramar hukumarmu, ranar Lahadi da ake ware wa mata. Mako shida na yi. Kada ku tambaye ni ko na iya. Na dai sha ruwan wurin nan har na ƙoshi, kuma na koyi tsayawa a ruwa iya ƙirji ba tare da na kurma ihu ba. Malamar ta ce wannan ma ci gaba ne, ina jin tausayina ta ji.

Kuskuren da na yi, tun daga Landan na yi shi. Na yi booking, wato na kama mana wani ƙaramin jirgin ruwa mai inji, mu kaɗai. Mai jirgin, wani dattijo, ya turo saƙo cewa mu zo da sassafe. Na ce a'a. Kafin in yi wa mahaifiyata wanka, in ba ta magani, ta karya, rana ta yi, don haka bayan azahar za mu zo. Ya sake rubutowa cewa da rana ruwa ne a wurin. Na ce a raina, ji mutumin nan, teku dama ba ruwa ba ne? Na ɗauka so yake ya sallame mu da wuri ya ɗebi wasu. Shekara ashirin a Landan ta koya min cewa in ka yi booking ka tsaya a kan lokacinka. Har na tambayi mahaifiyata, ta ce tudu in ya fito ya fito ke nan, sai ruwan shekara ya dawo zai rufe shi, wata da watanni. To, ga gwanar ruwa ta yi magana, sai na rubuta masa cewa bayan azahar, ba canji. Ya ce to.

Da muka sauka Masar, kwanan farko ya tafi a hutawa. A na biyu muka shiga jirgi, ita a zaune cikin kekenta an ɗaure shi da igiya, ni na ƙanƙame ƙarfe ina karanto duk addu'ar da na haddace. Muka yi tafiya har gaɓa ta ɓace mana. Can mai jirgin ya kashe inji, ya nuna gabanmu da hannu. Na duba, na sake dubawa. Babu komai. Ruwa ne kawai, sai dai a wurin ya fi haske, kana hango farin rairayi a ƙarƙashinsa, ƙananan kifaye na yawo a kan tsibirin da na ɗauko tsohuwa tun daga Catford don ta taka.

Mahaifiyata ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ce, "Babu rabo. Mu koma."

Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Muka koma masauki, ta juya fuska bango, ko ruwa ba ta karɓa ba. Na bar ta na gangara bakin teku kafin magariba, na samu dattijon yana wanke jirginsa, na ba shi haƙuri. Bai ce ai na gaya miki ba, Allah ya saka masa. Da ɗan Turancinsa da hannayensa ya fahimtar da ni cewa teku ba kogi ba ne. Sau biyu yake cika ya janye a kowace rana, tsibiran kuma 'yan sa'o'i kawai suke yi a waje su koma. Gobe da hantsi za su fito. Ni kuma gobe da azahar mota za ta zo ta kai mu filin jirgi. Na ce masa ko da asuba ya ce in zo, zan zo.

Ana idar da sallar asuba na haɗa ruwan wanka. Ta ce in daina wahalar da kaina, ta gani jiya, ya isa. A rayuwata ban taɓa musa mata ba, ban ma saba doguwar magana da ita ba balle musu. Ranar na ce, "Yaya, yau ko za ki yi fushi da ni har abada, sai kin je." Ta kalle ni sama da ƙasa kamar yau ta fara ganina, amma ta miƙo hannu na cire mata riga.

Wannan karon tun daga nesa muka hango shi. Fari fat, dogo, kamar an shimfiɗa tabarma a kan ruwa, ga wasu ƙanana biyu a bayansa. Babu kowa sai tsuntsaye. Na juya in ga fuskarta, na ga leɓenta na motsi. Sai mai jirgin ya jefa anga tun ba mu kai ba. Ya ce akwai duwatsu a ƙarƙashin ruwa, jirgi ba ya wuce nan, sauran da ƙafa ake ƙarasawa. Tsakaninmu da rairayin kamar daga ƙofar gidanmu zuwa tashar bas, ruwan kuma iya cinya. Na kalli keken da na yi ta fama da shi a filayen jirgi biyu, na ga ba shi da wani amfani a nan.

Dattijon ya ce shi zai ɗauke ta, ya saba. Da na fassara mata sai ta ja hijabinta ta rufe har haɓa. Ta ce in yi masa godiya, ta gani daga nan ma, Alhamdulillahi. Na san ta, ko za ta mutu a jirgin nan namijin da ba muharraminta ba ba zai taɓa ta ba.

A wurin aiki doka ce, ba a ɗaga mutum kai kaɗai, har takardar shaidar horo nake da ita a kan haka. Na buɗe jaka na ciro zanin da na zo da shi don mu shimfiɗa mu zauna. Na sauko da ita daga keken, na ja ta a hankali har bakin matakalar bayan jirgi, na zaunar da ita ƙafafunta na lilo. Sannan na rufe ido na dira cikin ruwan, na juya mata baya, na ranƙwafa.

"Yaya, hau."

Ina jin ruwa na bugun cinyoyina.

"Ke ba ki da kunya ne?" in ji ta. "Ni ban goya ki a gaban mutane ba, ke ce za ki goya ni a gaban baƙo?"

Na ce mata ruwan nan ba jiranmu zai yi ba, kuma ba zan fita daga cikinsa ba sai da ita a bayana, in ta ga dama mu tsaya a haka har jirgin sama ya tashi ya bar mu. Dattijon bai ji Hausa ba, amma ya gane. Sai ya juya mana baya ya durƙusa kan injinsa yana ta taɓe-taɓen abin da ba abin da ya same shi. Na jima a ranƙwafe har bayana ya fara ciwo. Can na ji hannunta na dama ya sauko a kafaɗata.

Na ja zanin na ɗaure a ƙirji, na cire mayafina na yi majanyi da shi, yadda na goyi 'ya'yana uku. Rashin nauyinta ya tsorata ni fiye da ruwan. Na tafi a hankali, numfashinta a wuyana, har ƙafata ta taka busasshen rairayi.

Na kwance ta na zaunar. Ta tura hannu cikin rairayin har wuyan hannu, ta ɗebo, ta bar shi yana zuba. Ta ce in cire mata safa. Ta nutsa ƙafarta mai lafiya a ciki, ta sa na binne mata ɗayar. Ta ce wannan ya fi nasu laushi amma nasu ya fi ƙamshi. Ta nuna min inda za a kafa bukkoki da a ce nasu ne, da inda za a haƙa ramin banda don iska ta kwashe hayaƙin. Ta ja layi da yatsa a bakin ruwa, ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba. Na ɗebo mata ruwan teku a gora ta yi alwala, ta yi sallar walha a zaune.

Da ta shafa addu'a ba ta kalle ni ba, teku ta kalla. Ta ce a kan irin wannan tudun aka haifi wata yarinya, da hantsi kamar yanzu, maza duk sun tafi su. Ta ce uwar yarinyar ba ta isa ta ɗauke ta a gaban surukai ba, ko kuka take sai dai wata ta miƙo ta a ba ta nono a mayar. "Amma in an watse, kowa ya kama aikinsa, sai ta goya ta ta zagaya bayan tudun inda ba kowa. Ta yi ta kiran sunanta, ta yi ta kira, har sai ta gaji."

Na zauna ina haƙa rairayi da yatsa kamar wata sakarya, hawaye na ɗiga a hannuna. Shekara arba'in da 'yan kai ina zaton ba ta taɓa furta sunana ba.

Ita ce ta fara lura. Ta ce in tashi, layin da ta ja ya nutse, ruwan nan ba irin nasu ba ne, sauri gare shi. Na ɗaga kai na ga dattijon na ɗaga mana hannu, ƙananan tsibiran nan biyu kuma har ɗaya ya tafi. Na goya ta da sauri na shiga. Ruwan da na bari iya cinya ya kai ƙugu, da na ƙara gaba ya kai ƙirji, kuma yanzu yana ja, yana fizgar zanin gefe guda. A tsakiyar hanya ƙafata ta faɗa wani rami, ruwa ya watsar min a fuska. Shi ke nan, duk abin da na koya ranar Lahadi ya gudu. Na tsaya cak, na fara haki. Abin da ke raina kawai shi ne na ɗauko uwata daga kan gadonta na kawo ta inda za ta nutse a bayana.

Sai na ji bakinta a kunnena. Ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, ba ta gutsure ko harafi ba, a natse kamar kullum take faɗinsa.

"Kada ki ɗaga ƙafa, ja ta a ƙasa. Ki juya wa ruwan gefenki, kada ki ba shi ƙirji. Jirgin za ki kalla. Ina nan."

Na ja ƙafa. Na juya gefe. Ta sake kiran sunan, na sake ja. Haka muka yi ta yi har dattijon, da ya riga ya shigo ruwan, ya miƙo min bakin igiya na kama. Da na zaunar da ita a matakala muka jiƙe sharkaf mu biyun, ni ina kakarin amai, ita kuwa dariya take, dariya sosai, rabin fuskarta da ke motsi duk ya haske. Muna kama hanya ta ce, "Ke, ba ni abincin nan, yunwa nake ji." Ta cinye burodi da kifin da na ƙunso tas, har ta yaba kifin.

Da muka isa Yawuri gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Ina jin ta tana gaya wa autanmu cewa yarinyar nan ta kusa nutsar da ita a tekun Larabawa, 'yar Sarkawa guda tana haki a ruwa iya ƙirji. Aka yi ta dariya, har yau ba a bar ni na huta ba. Ba ta gaya musu sauran ba, ni ma ban faɗa ba. Ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni, tana ci tana hira, sannan Allah ya karɓi abarsa. A duk wayar da muka yi a tsakani, "ke" ce, kamar da. Amma ban sake jin zafin kalmar ba ko sau ɗaya.

Na sha tunanin da na bi maganar mutane na kai ta gida kai tsaye, ko da na karɓi "babu rabo" ɗin nan na ranar farko, da ta tafi da wannan labarin a cikinta, ni kuma in ci gaba da zama da ƙullin da babu dalilinsa. Ban ce kowane taurin kai alheri ba ne, nawa na farko ai shi ya kai mu kallon kifi a kan tsibiri. Na biyun ne nake gode wa Allah da ya ba ni. Kuma ban ga laifinta ba, haka ta taso ta samu ana yi, ta riƙe kunyarta har ƙarshe, sai da ta samu wurin da babu kowa kamar wancan na farko.

Zanin yana nan da farin gishiri a gefensa, ban wanke ba. Ni kuwa tawa 'yar farin ta gaji da ni. Tana ɗaki tana karatu sai in ƙwala mata kira da cikakken sunanta daga kicin. Ta fito da waya a hannu, fuska a yamutse, ta tambaye ni da Turancinta me nake so kuma.

Sai in ce mata ba komai, ta koma. Kira kawai na yi.